A karanta babin gidan yari kafin a yanke wa littafin Angela Davis hukunci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in sa baki a muhawarar da ta taso a shafin wasiƙu tun da kuka buga sharhi a kan tarihin rayuwar Angela Davis, baƙar fatar Amurka 'yar gwagwarmaya, wanda ta rubuta da hannunta aka buga a 1974. Ni malamar sakandare ce da ta yi ritaya, tarihi na koyar, kuma littafin na karanta shi daga bango zuwa bango, ba a bakin wani na tsinci labarinsa ba. Na ga wani ɗan'uwa ya ce 'yar kwaminis ce, me ya haɗa mu da ita. Wani ya ce da bindigoginta aka kashe alƙali, don haka bai ga dalilin ba ta shafi a jaridar mutunci ba. Amma wasiƙar da ta sa na ɗauki biro ita ce ta wata 'yar'uwa da ta ce littafin ba shi da ɗumi, wai ta nemi macen a ciki ta rasa, sai lacca da taro da kwamiti. Wannan baiwar Allah ta karanta littafin da gaske, kuma abin da ta gani yana nan. Fassarar da ta yi masa ce ban yarda da ita ba.

'Yar'uwa, Angela da kanta ta faɗa a gabatarwa cewa da farko ba ta so rubuta shi ba. An haife ta a 1944, ke nan ba ta cika shekara 30 ba lokacin da aka taso ta da maganar, kuma tana ganin rubuta tarihin kai a wannan shekarun kamar ɗaga kai ne sama da sauran mutane. Toni Morrison, wadda a lokacin edita ce a kamfanin ɗab'i na Random House, ita ta shawo kanta. Angela ta amince ne bisa niyyar cewa tarihin siyasa za ta rubuta, wato labarin mutane da abubuwan da suka kai ta inda ta tsaya. To mai karatu da ya zo neman sirrin zuciya dole ya koma da ƙishirwa, domin tun a bakin ƙofa aka gaya masa ba wannan ake rabawa a gidan ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi, wanda ban ga kowa ya ambata ba. A shari'ar da aka yi mata a San Jose ta jihar Kaliforniya a 1972, kan maganar kisan alƙalin nan, mai gabatar da ƙara ya gina hujjarsa ne a kan zuciyarta. Cewa ya yi son da take yi wa George Jackson, fursunan da take fafutukar a sake shi, shi ya rufe mata ido ta shirya ta'asa. Wasiƙun da ta rubuta masa aka ɗauko aka karanta a gaban kotu, 'yan jarida na rubutawa, domin a samu a ɗaure ta rai da rai. Ita kuwa ta miƙe da kanta ta yi jawabin buɗe kariya, ta ce wannan tunani ne na masu ganin mace ba ta iya yin komai sai abin da zuciya ta tura ta. Ki duba wannan da kyau. Macen da aka baje wasiƙunta a bainar jama'a don a hallaka ta da su, shekara biyu bayan nan kuma mu ce don me ba ta sake buɗe mana zuciyarta ba? Ni ban ga sanyin hali a nan ba. Na ga mace da ta san abin da ake yi da hawayen mata idan suka faɗa hannun da bai dace ba, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a gaban alƙali kan maganar aure ko gado ta san wannan tsoron.

Ba ma gaskiya ba ne a ce babu ɗumi ko kaɗan. Yana cikin labarin ƙuruciyarta a Birmingham ta jihar Alabama. Unguwarsu Tudun Nakiya ake ce mata, saboda yawan gidajen baƙaƙen fata da 'yan wariya suka tarwatsa da nakiya don kada su zauna kusa da fararen fata. Tana firamare ta lura wasu 'yan ajinsu ba su da kuɗin abincin rana, sai su tsaya suna kallon masu ci. Mahaifinta yana da gidan mai, yana dawowa da jakar tsabar kuɗi da dare, sai ta riƙa zarar 'yan silalla a ɓoye tana ba su. Duk malamin da ya taɓa tsayawa a filin makaranta lokacin tara ya san yaran nan masu raɓewa jikin bango, ni na san su da fuskokinsu. Akwai kuma ranar da ita da ƙanwarta Fania suka shiga wani kantin takalma suna Faransanci, suka ce daga tsibirin Martinik suke. Nan take aka zaunar da su a gaba ana rawar jiki, wurin da baƙar fatar garin ba ta isa ta zauna ba, sai da suka gama suka juye zuwa Turancinsu na gida. Sannan ga ranar 15 ga Satumba 1963, da aka dasa bam a cocin baƙaƙen fata na titi na 16 a garin nasu, 'yan mata huɗu suka mutu: Addie Mae Collins, Cynthia Wesley, Carole Robertson da Denise McNair. Tana karatu a Faransa ta ga labarin a jarida, kuma wasu daga cikinsu 'ya'yan maƙwabta ne, ƙawayen ƙanwarta. Wanda ya karanta wannan shafin bai ji komai ba, ban san abin da zai motsa shi ba.

Amma inda nake so masu karatu su dakata su zauna shi ne babin gidan yari. An kama ta a New York ranar 13 ga Oktoba 1970, bayan wata biyu tana ɓuya, hotonta na cikin jerin mutum 10 da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta fi nema. Aka kai ta gidan tsare mata na birnin. Da farko a sashen masu taɓin hankali aka ajiye ta, inda ta ga ana ɗura wa mata magani su yini a sandare. Daga nan aka keɓe ta ita kaɗai, sai da ta yi yajin cin abinci kuma lauyoyinta suka je kotu kafin a haɗa ta da sauran fursunoni. To a nan ne littafin ya canza. Mace ce mai digiri, ta yi karatun falsafa a Jamus, ta koyar a jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles, jama'a suna taruwa a titi ƙarƙashin tagogin gidan yarin suna kiran sunanta. Da ta so, da shafukan nan duk sun zama labarin jarumtarta. Sai ga ta tana ba da labarin matan da ke kwana kusa da ita, akasarinsu baƙaƙen fata da 'yan asalin Puerto Rico, waɗanda da yawansu ba a yanke musu hukunci ba. Suna zaune wata da watanni ne kawai saboda ba su da ɗan kuɗin belin da aka yanka musu. Ta ba da labarin yadda aka haɗa asusun beli da taimakon mata na waje, na ciki su zaɓi wadda za a fara fitarwa, ita kuma idan ta fita ta taya neman kuɗin na baya. Wannan shi ne kwamitin da 'yar'uwata ta ce ya gundure ta. Ni kuwa a wurinsa na ajiye littafin na yi shiru, saboda na taɓa ganin matan nan da idona, a ƙasar nan.

Ƙungiyarmu ta matan unguwa takan kai ziyara wani gidan yari da azumi, da sabulu da omo da audugar mata da ɗan dabino. A wata ziyara na zauna kusa da wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yar autata ba, da goyo a bayanta. Aikatau take yi, uwar ɗakinta ta ce waya ta ɓace. Kotu ta ba da belinta, amma sharaɗin shi ne ta kawo mai tsaya mata, ma'aikacin gwamnati mai babban matakin albashi. Iyayenta suna ƙauye, ba su san ma'aikacin gwamnati ba in ban da malamin asibitin sha-ka-tafi. Na tambaye ta yaushe za a koma kotu. Ta ce, “Hajiya, an ce sai an neme mu.” Yaron yana ta jan bakin mayafina yana sa wa a baki, ita kuma tana ta ba ni haƙuri tana ɓamɓare hannunsa, kamar wannan ne babban laifin da aka yi a wurin. Ko da an same ta da laifin, anya hukuncin zai kai zaman da ta riga ta yi? Alƙaluman da hukumar gidajen gyaran hali ke fitarwa sun sha nuna cewa kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. Wanda ya ce me ya haɗa mu da wannan littafi, ga abin da ya haɗa mu.

Yanzu maganar bindiga, domin ba zan tsallake ta ba. Ranar 7 ga Agusta 1970 Jonathan Jackson, ƙanen George, yaro ɗan shekara 17, ya shiga kotun gundumar Marin ta jihar Kaliforniya da makamai, ya ba wasu fursunoni, suka fito da alƙali Harold Haley da mai gabatar da ƙara da wasu mata uku a matsayin garkuwa. Aka buɗe wuta a kan motar da suka shiga. Alƙalin ya mutu, Jonathan ya mutu, fursunoni biyu suka mutu, mai gabatar da ƙarar ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Bindigogin da sunan Angela aka yi musu rajista, ɗaya ma kwana biyu kafin abin ta saye ta. Duk wannan gaskiya ne, kuma ɗan'uwan da ya kawo shi bai yi ƙarya ba. Alƙalin nan mutum ne mai iyali, jininsa ba ruwa ba ne, kuma ina ganin littafin ya yi wa Jonathan kuka fiye da yadda ya tsaya a kan sauran rayukan da suka salwanta. Amma ɗan'uwa ya tsaya a tsakiyar labari. Tun da hukumar jami'a ta kore ta a 1969 saboda jam'iyyarta ta kwaminis, da ingizawar gwamnan jihar Ronald Reagan, take samun barazanar kisa ba ƙaƙƙautawa, ta kuma mallaki makamai, da sunanta na gaskiya ta saye su, kuma Jonathan na cikin masu yi mata rakiya. Ba ta wurin ranar da abin ya faru. An tuhume ta da kisa da satar mutane da haɗa baki. Mutum 12 aka zaunar su saurari shari'ar su yanke hukunci, babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu, kuma ranar 4 ga Yuni 1972 suka wanke ta daga dukkan tuhumar. Tun kafin a fara sauraron shaida shugaban ƙasa Richard Nixon ya riga ya kira ta 'yar ta'adda mai haɗari a bainar jama'a. Mutum yana da damar ya ci gaba da zarginta a ransa, amma idan zai ba da labarin, adalci ne ya kai shi har inda kotu ta kai shi.

Ita kuma ba ta ce gaskiyarta ce kaɗai ta fitar da ita ba. Wannan ne ginshiƙin littafin, kuma shi ne amsar wadda ta ce kwamiti ya yi yawa. Wata 16 ta yi a tsare. Belinta ya samu ne a Fabrairun 1972 bayan kotun ƙolin Kaliforniya ta soke hukuncin kisa a jihar, kuma wanda ya jinginar da gonarsa don a cika belin wani manomi ne farar fata mai suna Rodger McAfee. An kafa kwamitocin neman a sake ta a garuruwan Amurka da ƙasashe da dama, wasiƙu suna zuwa buhu-buhu. Ta san da babu wannan taron dangi, da labarin ya bambanta. Mai son ya ga bambancin ya dubi Ruchell Magee, fursunan da ya tsira da rai daga motar nan, wanda aka fara gurfanar da su tare. Shi duniya ba ta riƙe sunansa kamar nata ba. Yana tsare tun 1963, ba a sake shi ba sai a 2023, yana tsoho marar lafiya, ya rasu bayan 'yan watanni. George Jackson kansa dala 70 aka ce ya yi fashinta a gidan mai yana ɗan shekara 18, aka yanke masa daga shekara ɗaya zuwa rai da rai, bai fito ba har aka harbe shi a gidan yarin San Quentin ranar 21 ga Agusta 1971.

Maganar kwaminisanci kuwa, ni Musulma ce, aƙidarta ba tawa ba ce, kuma ban karanta littafin don in koyi tauhidi a wurinta ba. Reshen jam'iyyar da ta shiga a 1968 sunan Che Guevara da Patrice Lumumba yake ɗauke da shi, wato idonta yana kan Afirka tun lokacin. Sai dai a nan ina tare da masu suka a kan abu guda, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Matar da ta bayyana ƙuncin ɗakin kurkuku dalla-dalla haka, ta yi shiru a kan kurkukun ƙasashen da suka yi mata maraba. Ta ziyarci Tarayyar Sobiyat da Jamus ta Gabas a 1972 ana yi mata tarba ta girma, alhali akwai mutane a tsare a can saboda abin da suka rubuta ko suka faɗa. Marubucin Rasha Solzhenitsyn, wanda shi ma ya sha ɗauri, ya fito fili ya zarge ta da wannan a 1975. Laifi tudu ne, kuma nata ke nan. Ta bar jam'iyyar a 1991, amma littafin 1974 bai san da wannan ba, a cikinsa ƙasashen gurguzu fes suke. Wanda zai ba ɗansa littafin ya gaya masa wannan tun farko. Duk da haka shirun da ta yi a kan fursunonin Mosko bai mayar da abin da ta gani a New York ƙarya ba.

Akwai wani wuri kuma da na tabbata matan da suka taɓa shiga siyasa za su gane shi ba sai an yi musu bayani ba. Ta ba da labarin yadda a ƙungiyoyin baƙaƙen fata na Los Angeles mata ke yin aikin ofis, su buga takardu, su shirya gangami, amma da zarar sun buɗe baki a kan shugabanci sai wasu mazan su ce suna son ƙwace ragama, wai aikin maza suke yi. Ban iya karanta wannan ba tare da Hajiya Gambo Sawaba ta faɗo mini a rai ba. An haife ta a 1933, ta shiga NEPU tana yarinya, ta jagoranci matan jam'iyyar, ta sha duka da ɗauri, ana lissafa ɗaurinta har sau 16. Ta yi ta kiran a ba matan Arewa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a 1976, alhali matan Kudu suna jefawa tun shekarun 1950. Ta rasu a 2001. Asibiti yana ɗauke da sunanta a nan Zariya, kuma wasu sun yi rubutu a kanta, Allah ya saka musu. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Su wa ta tarar a ɗakin mata na kurkukun da aka kai ta? Me ya kai su? Wa ke kai mata abinci, wa ya riƙe mata gida, waɗanne mata ne suka yi karo-karo don a biya tara? Gambo ɗaya muka riƙe, alhali ba ita kaɗai ta cika filin taro ba. Abin da Angela ta yi wa matan da ta zauna da su, wato ta sa su cikin tarihi, shi ne ba mu yi wa namu ba, kuma na koyar da tarihi shekara da shekaru da littattafan da babu su a ciki.

Don haka, Malam Edita, roƙona biyu ne, kuma duka suna cikin ikon jarida. Har yanzu akwai tsofaffin mata a Kano da Zariya da Gusau da Jos da suka yi NEPU suna 'yan mata, ko suka yi PRP a jamhuriya ta biyu. Kullum raguwa suke yi. Ku tura wakiliya mace, da na'urar ɗaukar magana, ta zauna da su a ɗakunansu ba cikin gaggawa ba, ku buga abin da suka faɗa da Hausarsu, kada a gyara musu baki. Sannan ku nemi izini wakilanku su shiga sashen mata na gidajen yarin jihohinmu, su tambayi mutum nawa ke jiran shari'a, tun yaushe, kuma wane sharaɗin beli ne ya gagare su. A ɓoye sunayensu saboda mutuncinsu, amma a buga sharuɗɗan yadda suke, domin lauyoyi da ƙungiyoyin mata da ma'aikatan da za su iya tsaya wa wata su gani. Idan kun shirya, ƙungiyarmu za ta raka wakiliyarku ziyarar farko, mun san ranakun da ake bari a shiga da abin da ake yarda a kai.

Wassalam.

Taku,
Malamar tarihi mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya